Renon Yaron Tagulla

A shekarun da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa, duk ma'aikacin da ya iya ɗaura lakataye sai a tura shi kwas Ingila. Ni ma aka turo ni Landan koyon tsarin ofis, ilimin da har na yi ritaya ban ga ranarsa ba. Na kama ɗaki a Edmonton, gidan wasu Indiyawa mata da miji da aka koro daga Uganda. Matar ina ce mata Anti, ita kuma ta ce mini ɗana. Mijin akawu ne, amma Farfesa nake kiransa, bai kuma taɓa hana ni ba.

Addininsu ɗaya, Hindu, sai dai kowa da hanyarsa. Shi a wurinsa Ubangiji ba shi da siffa, da karatu da zurfin tunani ake kai wa ga saninsa. Ita kuwa ta ce so ne hanya, wanda ka so za ka san shi. A wani ɗan ɗaki kusa da nawa take ajiye da wani mutum-mutumi na tagulla, bai fi dunƙulen hannu ba, siffar yaro mai rarrafe. Yarona take ce masa. Kullum da safe za ta tashe shi da ƙararrawa, ta yi masa wanka da ruwan ɗumi, ta sa masa rigar sanyi da ta saƙa da hannunta, ta ajiye masa madara, sannan ta kama waƙa. Muryar dai ba a magana, amma da zuciya ɗaya take yi. Wani lokaci har faɗa take masa in an yi ruwa ta yi shanya.

A wurin cin abinci suke tafka musu, a naɗa ni alƙali. Ni da na baro irin wannan rigima a gida, tsakanin baffana mai littattafai da kakata mai carbi, sai in cika bakina da gurasa in yi ta gyaɗa kai.

Ana nan sai waya ta zo daga Indiya cewa mahaifiyar Anti tana kwance rai a hannun Allah. A al'adarsu kuwa ba a barin yaron ya wuni ba wanka ba abinci. Da za ta tafi, ni ta fara tara da maganar.

"Ɗana, kai kana tashi salla a kan lokaci. Ka riƙe mini shi mana."

Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, addinina bai yarda ba."

Farfesa ya ji haushi ƙwarai, wai a gidansa a tsallake shi a nemi Musulmi. Nan take ya ce shi zai yi. Ta kalle shi, ta kalli jakar tafiyarta, ba yadda za ta yi.

To, mutumin da ko shayi sai ya karanta bayan kwali kafin ya dafa, ina zai yi wa tagulla wanka da ka? Ya je ya ɗebo littattafai. Ya gano akwai hannun da ake zuba ruwa da shi, akwai furen da ba a kawowa, akwai kalmomi na tsohon harshensu da ba a ja musu wasali. Rigar sanyin ma ya cire, don bai gan ta a kowane littafi ba. Ya riƙa makara wurin aiki. Da yamma ya tsare ni a matakala yana lissafa mini kurakuran matarsa, fuskarsa cike da annuri.

Anti ta dawo bayan an yi rasuwar, ta rame, idanu sun faɗa. Washegari na ji ƙararrawa, na ji waƙa ta tashi, har na ji sanyi a raina. Ba a jima ba sai ga muryarsa: "Ba haka ake yi ba." Ta sake. "Da hannun dama." Kullum haka, yana tsaye a bakin ƙofa da littafi a buɗe. Waƙar ta riƙa gajarta har ta ɗauke.

Raina ya ɓaci, na tare shi. "Farfesa, ba kai ka ce tagulla ce kawai ba?"

Ya gyara tabarau. "Tagulla ce mana. Amma in za a yi kuskure, a yi shi bisa ƙa'ida."

Wallahi na fi son sa lokacin da yake raina abin. A lokacin ko ba komai ya bar mata ɗakinta.

Wata safiya na sauko na tarar da ita zaune a kicin, a lokacin da ya kamata a ce tana sama. Ta saman silin muna jin Farfesa yana jero kalmominsa dalla-dalla, ba gargada. Ta zuba mini shayi.

Na ce, "Anti, yau ba ki hau ba?"

Ta daɗe tana juya cokali. "Da in na shiga ɗakin nan, yarona nake kallo," in ji ta. "Yanzu hannuna nake kallo."