Hannun da Kawu Usmanu Ya Gyara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga Zulƙida 1389, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna Usmanu masunci a ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da garin Sinnar a ƙasar Sudan, bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. An yi jana'izarsa bayan azahar. Ni Almu, ɗan ƙanwarsa, nake rubuta wannan, ina kuwa rubuta shi da nauyin zuciya.

Kawu, kai ka riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Kowa a garin nan ya san kifin farko da ya shiga ragarka ba na kasuwa ba ne, na gidan da ba mai fita nema ne. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, jirginka ya wuni yana kwashe tsofaffi da awaki, ka dawo kana faɗa wai awakin sun fi mutanen natsuwa. Ni ma ban tsira daga bakinka ba. Da na shiga soja aka ba ni tuƙin mota, ka bi gari kana cewa gwamnati ta damƙa lori a hannun wanda bai iya tuƙa kwalekwale ya miƙe ba.

A kudancin ƙasar, inda ake yaƙi, ina tuƙi, motar da ke gabana ta taka nakiya da aka binne a hanya. Na san duk waɗanda ke cikinta. Bayan haka na nemi a sauya mini sashe, a mai da ni cikin masu tono nakiya da kwance bam. Aka amince, aka ba ni hutu, aka ce daga gida in wuce Umdurman horo, kuma abin da za a fara dubawa shi ne hannu. Nawa kuwa tun ranar nan rawa yake yi. Na ɓoye wa kowa, amma daren da na iso ka ga shayi yana zuba daga kofina, ka kau da kai kamar ba ka gani ba.

Ba ka so wannan sauyi ba, ka kuma faɗa mini a fili. Ka ce tuƙin ma ya isa hana uwata barci. Duk da haka washegari da asuba kai ka tashe ni, muka shiga jirgi.

Wanda bai san ƙurungu ba, kifi ne mai ƙayoyi masu dafi. In ya sarƙe a raga sai ya miƙe su ya ƙulle, mai gaggawa ya tashi da kumburarren hannu da yagaggiyar raga. Shi ka ba ni in riƙa cirewa. Ranar farko na sha suka har na ji kunya, kai kuwa kana zaune kana dariya. Da dariyar ta ishe ka, ka ce: "Kak ka ja, Almu. Duk abin da yas sarƙe, da hanya yash shiga. Nemi hanyar, ka bi ta da baya." Haka muka yi ta fita kowace asuba, rawar hannun tana raguwa kaɗan-kaɗan.

Ga abin da ke cina. Tsakiyar sanyi ne, kuma bana ka daina fitar asuba, ka bar wa ɗanka Abdussalami, domin likitan Sinnar ya hana ka saboda ƙirjinka. Na sani. Matarka Inna Fadimatu ta tare ni a ƙofar gida, ta roƙe ni in bar tsohon nan ya kwanta, in fita da Abdussalami. Na ce mata saura kaɗan. Gaskiyar ita ce a gabanka kaɗai hannuna yake kwanciya, kuma tsoron kada a dawo da ni daga Umdurman ya rufe mini ido. Ina jin tarinka a kan ruwa, na tuɓe babbar rigata ta soja na yafa maka, na ɗauka na yi abin kirki.

Fitarmu ta ƙarshe na cire ƙurungu ɗaya bayan ɗaya, ba suka, ba zaren da ya tsinke. Ka kama hannuna ka juya shi, ka daɗe kana kallo, sannan ka ce: "Addu'a biyu nika yi, ɗana. In roƙi Allah Ya zaunar da hannunka, in koma in roƙe Shi Ya bar shi da rawa su maido muna kai. Ga shi Ya zaɓa." Da yammacin ranar zazzaɓi ya kwantar da kai, ba ka sake tashi ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, liman ma ya tuna mini. Amma na san wanda ya fitar da kai cikin sanyi. Bayan an yi maka wanka aka ce ni zan ɗaure likkafani. Na durƙusa ina fatan hannun nan ya yi rawa, ko sau ɗaya, don girmanka. Bai yi ba, Kawu. Na ƙulla kowane ƙulli daidai, kamar yadda ka koya mini.

Gobe zan hau jirgin ƙasa daga Sinnar. Duk hanyar da Allah Ya sa na share, duk motar da ta wuce lafiya, ina roƙon Ya rubuta ladan a sunanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwata da ta rasa yayanta, da Abdussalami da ƙanwarsa Ma'u, da dukan masuntan garinmu. Inna Fadimatu kuwa, Allah Ya ba ki haƙuri. Kin faɗa mini a ƙofar gida ban ji ba, ki yafe mini.