Malam Salifou da Sallamar Ilya

Duk wanda ya saba hawan tiram ɗin safe, jirgin nan na cikin gari da ke ratsa unguwar Minguettes a gefen birnin Lyon, ya san Malam Salifou, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, kaurin wuyansa kusan ɗaya da na kansa, yana tafe yana ɗingishi da tarin makullai a ƙugu. Shi ke buɗe zauren wasanni na Vénissieux inda ɗaliban wata jami'a ta Lyon ke atisayen ƙwallon kwando. Ya kunna fitilu, ya goge daɓen katako, ya bi ƙwallaye yana dannawa da babban yatsa don ya ji wadda ta sace. A takardar aiki mai gadi ne. Amma da la'asar, idan dogayen nan suka fara shigowa suna sunkuyar da kai a bakin ƙofa, sai ya jingine tsintsiya, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga raket, wato filin nan mai fenti da ke ƙarƙashin kwando, ya ware ƙafafu ya tsaya. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan tsayuwa.

Ɗan kokawa ne daga ƙasar Tahoua ta Nijar, tun kafin neman abinci ya kawo shi Faransa. Ƙwallon kwando kuwa, mu faɗi gaskiya, bai iya ba. Mun sha ganinsa ya faki ido ya jefa, ta bugi allo ta dawo masa a goshi. Abin da ya iya shi ne tsayawa inda ya ga dama, babu mai gusar da shi. Mai horarwa na wancan zamani ya ga wani ƙato mai tsawon ƙofa ya yi karo da mai gadi a hanyar ɗakin sa kaya, ƙaton ne ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar ya damƙa masa 'yan raket, mutum ukun nan dogaye masu tsare ƙarƙashin kwando, masu tsintar ƙwallo idan ta kuskure raga. Darasinsa ɗaya ne, ya maimaita shi har bangon zauren ya haddace.

"Mi kake kallo sama? Ƙwallo ba Makka ta tahi ba, tana dawowa. Sauke ƙugu! Riƙe mutuminka!"

Shi ya ƙirƙiro al'adar da muke kira sallama. Ɗan raket ba ya barin ƙungiya, ko da ya karɓi digirinsa, sai ya shiga fenti ya ture Malam Salifou ya fitar da shi waje a gaban kowa. Akwai wanda ya yi yini yana gumi, akwai wanda sai da ya dawo mako na gaba. Idan ƙafar dattijon ta tsallake layi, sai ya kama kan yaron, ya jawo shi ƙasa zuwa tsayinsa, ya ce masa, "Tahi, ka ƙoshi." Injiniyoyi da likitoci masu furfura a yau suna ba da labarin wannan kalma da ƙwalla a ido.

Kai ne bangon da aka jingina da shi aka yi tsawo, Baba Salifou. Kai ne ka bar gwiwar hannun 'ya'yan mutane ta saba da haƙarƙarinka, ba ka taɓa ramawa ba sai da dariya.

To, tsofaffin 'yan ƙungiyar nan suna da wata gardama da ba ta mutuwa. Ko a falon wani a Vaulx-en-Velin, ko a wayoyinsu, ko a wurin suna, da an ƙoshi sai wani ya tayar: a tarihin ƙungiya, waɗanne 'yan raket uku ne suka fi? Tsofaffi su ce Rumbuna, su Abdul'aziz, waɗanda suka fara kawo kofi Lyon. Ƙarti ne masu nauyi, gudu bai dame su ba, amma idan suka jeru ƙarƙashin kwando sai abokin hamayya ya gwammace ya jefa daga nesa ya koma gida lafiya. Matasa su yi tsaki, su ce a zamanin yau kafin Abdul'aziz ya juya an zuba masa biyu. Nasu gwanayen su ne Giginyu na bayan nan, sirara masu dogon hannu, masu jefawa daga bayan layi kamar ba su da nauyi. Su ma sun ɗauki kofi. Abdul'aziz ya shafa tumbi ya ce da numfashi kawai zai watsa su.

Sai a zo kan na tsakiya, Kamalu da Moussa da Ilya, waɗanda ake ce wa Duwatsun Murhu. A nan kowa ke sassauta murya, domin har masu gardamar sun san ba a taɓa ganin uku masu fahimtar juna kamarsu ba. Kamalu ya tare, Moussa ya tsinta, Ilya ya miƙa ƙwallo ta bayan kai ba tare da ya waiwaya ba. Suna da nauyin Rumbuna da saurin Giginyu. Kofi ne kawai ba su da shi. A wasan ƙarshe a Paris, suna gaba da maki ɗaya, lokaci ya kusa cika, abokan hamayya suka jefa, ƙwallo ta bugi bakin kwando ta tashi sama. Ilya, ɗan Maradi, ya saki mutuminsa ya yi tsalle ya bi ta. Ta wuce saman yatsunsa, mutumin da ya saki ya cafe ya zura. Aka busa.

Ilya bai hau motar komawa Lyon ba. Ya ƙarasa karatunsa a can, ya canza lambar waya, ya daina amsa kowa. Shi ya sa duk gardamar nan a wuri ɗaya take ƙarewa: "Da ba don Ilya ba." Ana faɗin haka a gaban Malam Salifou sai ya tashi ya ce zai duba ko ya kashe fitila. Da aka matsa masa wata rana ya yanke hukunci, cewa ya yi Rumbuna sun karya masa haƙarƙari, Giginyu sun sa shi jiri.

"Na tsakiya hwa, Baba?"

"Ba ni iya hwaɗi. Guda bai yi sallama ba."

Muka yi dariya, mun ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske yake. Bara likita ya duba gwiwarsa ta dama ya ce guringuntsi ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, dole a yi aiki, kuma bayan aikin babu sauran shiga raket. Aka sa rana, ya ɗaga. Aka sake sawa, ya sake ɗagawa. Hassia, wadda ta taɓa buga wa ƙungiyar mata kuma yanzu ita ke shugabantar kulob ɗin, ta shirya masa bikin ajiye aiki, ya ce a dakata. Likita ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa in ya ƙara jan lokaci, ɗayar gwiwar ma za ta bi, ƙarshenta keken guragu. Matarsa Hajiya Batula ta kira Hassia tana kuka tana faɗa lokaci guda.

"Ɗiyata, ku yi mishi magana. Mutumen ga da rarrahe yake hawa bene, amma ya ce shi yana da yaro cikin raket. Wane yaro? Yaron da ya yi gemu!"

Dalilinsa bai da wuyar ganewa, sai dai taurin kai. In aka yi aikin, ba zai sake iya tsayawa a ture shi ba. In ba a ture shi ba, Ilya zai mutu yana ɗan ƙungiyar da ya gudu, ba wanda ya ƙoshi ya tafi ba. Malam Salifou ya ga bai yarda ya sayi gwiwarsa da wannan ba.

Kamalu ne ya samo inda Ilya yake, shi ne kuma ya raka dattijon, daga bakinsa muka ji. Suka hau jirgin ƙasa daga tashar Part-Dieu ta Lyon, suka sauka Paris, suka bi metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Porte de la Chapelle. Matattakalar fita daga ramin nan Malam Salifou ya hau ta yana riƙe da ƙarfe da hannu biyu, ya ƙi a tallafe shi. Da hantsi suka iske Ilya kusa da gadar babbar hanya, yana sauke katan-katan na burodi daga motar wata ƙungiya mai ciyar da baƙin da suka iso ba su da masauki. Layin mutane a gabansa, masu tallan sigari da caja suna kai da kawo. Ya ɗago kai ya gan su, katan ya kusa suɓuce masa. Ya durƙusa a kan kwalta da duk tsawon nan nasa.

"Baba, ina kwana. Kun zo lahiya? Ina Hajiya?"

"Lahiya lau. Tashi, kana tare ma mutane hanya."

Sai da aka gama rabon, da hannun dattijon a ciki, sannan suka zauna a bayan mota. Ilya ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, c'est fini, wannan ya ƙare. Abu guda kuka koya min, shi na saki a gaban duniya. Da wane ido zan shiga zauren nan?"

"Da wanga da kake kallon ƙasa da shi. Kai kaɗai anka taɓa kayarwa? Ni an kada ni gaban garinmu duka, uwata na kallo, ƙasa cike da bakina. Washegari na koma hili." Ya naɗe ƙafar wando ya nuna masa gwiwar da ta kumbura kamar ƙwarya. "Ban zo lallashi ba. Likita na jirana, ni ina jiranka. Assabar mai zuwa bayan azahar ina cikin raket. In ba ka zo ba, ta sama ma ina nan."

Bai jira amsa ba, ya ce wa Kamalu su tafi kada jirgi ya bar su. Kamalu ya ce har suka iso Lyon dattijon yana ta jan carbi.

Ranar Asabar zauren ya cika. Rumbuna sun zo da tumbinsu da jikokinsu, Giginyu suna ɗaukar hoto, Hajiya Batula ta aiko da dambu da kilishi. Malam Salifou ya shiga fenti ya tsaya. Aka yi jawabi, aka sake jawabi, Hassia tana jan magana tana duban ƙofa, har Abdul'aziz ya ba da labarin kofinsu karo na biyu. Muna ganin ƙafar dattijon tana rawa. Aka kawo kujera ya ture ta. Wasunmu har sun fara jin haushin Ilya, wasu na dattijon.

Ana shirin kiran la'asar Ilya ya shigo, da rigar aiki a jikinsa, ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Babu wanda ya tafa. Moussa ne ya tashi ya cire takalminsa ya miƙa masa. Ilya ya ɗaure, ya shiga raket, ya juya baya ya jingina da ƙirjin tsohon a hankali, yana tausaya masa. Sai muka ji faɗa.

"Mi ne wanga? Tausa na ce ka yi min? Sauke ƙugu!"

Ya sauke. Takalma suka yi ƙara a kan katako. Wallahi dattijon nan ya riƙe, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ci ƙasa da ƙafa ɗaya mai lafiya har muka fara tunanin za a kai mako na gaba. Sannan ya fara gusawa, taƙi bayan taƙi, Ilya yana turawa yana kuka, har diddigensa ya tsallake layi. Zai faɗi Ilya ya juyo ya tare shi. Malam Salifou ya kama kansa ya jawo shi ƙasa, ya faɗa masa abin da ya riƙe masa shekara da shekaru.

"Tahi, ka ƙoshi."

Ya kwance makullai daga ƙugu ya miƙa wa Hassia, ya ce a kawo kujerar nan yanzu.

Kai ne mai gadin da bai tsaya ga ƙofa da fitila ba, Baba. Ka ƙirga yaranka ka ga saura ɗaya, ka ƙi rufe zaure. Mu muna auna su da kofi, muna cin naman wanda ba ya nan a kan shayi, kai kuwa ka ja gurguwar ƙafa har Paris. Mun ji kunya, kuma mun gode. Allah ya saka maka, ya ba Hajiya Batula ladan haƙuri da taurin kanka.

Mai karatu, da wuya a ce a danginku ko a wurin aikinku babu wani da ya yi kuskure ɗaya a bainar jama'a ya ɓace, kuna ta ambaton sunansa a hira ba wanda ya nemi inda yake kwana. Ku nemo shi. Ba sai kuna da gwiwar bayarwa ba, tikitin jirgi ya isa.

An yi aikin lafiya. Hassia ta je dubiya ta iske ana koya masa tafiya a barandar asibiti, ya ƙi sanda, ya ƙi ma'aikaciyar jinya. Ilya ne ya ɗauki hutu ya sauko daga Paris, ya ranƙwafa ya ba shi kafaɗa. Tsohon yana ɗan dafawa da yatsu, wai kada ya yi masa nauyi.

"Baba," in ji Ilya, "ku jingina da gaske. Na riƙe."