Hoton da Sale Ya Ce Ba Mai Gani

Damina bakwai ke nan da motar dawa ta kife da ƙanena Sale a hanyar Doka, yana shekararsa ta ƙarshe a kwalejin da yake koyon ɗaukar hoto a Gadarif, nan ƙasar Sudan. Kowace shekara addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Lokacin da ya ce hoto zai karanta, har da ni aka yi masa dariya. Ɗan manoman Gedambaliya, ya bar lauje ya rataya kyamara a wuya! Amma Sale bai taɓa ɗaukar mutum bai tambaye shi ba. Idan kakar riɗi ta zo, sai ya ajiye kyamarar ya shiga yanka da leburori, ya ci tuwo da su, sannan ya nemi izini. In ya wanke hoton kuwa, mai shi yake fara kai wa. Yanzu da kowa ke ɗaga waya a fuskar kowa, har a gidan makoki, nakan ce da yana nan da ya sha faɗa da mutane.

Innarmu ce ta fi ba shi wuya. Hannuwanta kawai ta yarda ya ɗauka, ban da fuska. Sai a wata shekara da riɗi ya yi albarka, tana sheƙa a tsakar gida, iska ta zame mata mayafi, ƙura ta rufe ta, yana tsokanarta ya roƙe ta ya ɗauki fuskarta sau ɗaya tak, ta yarda.

"Ya walad, kai yaro, kar fa wani ya gani," in ji ta.

"Wallahi Inna, daga ni sai ke."

Da ya rasu, malaminsa na kwaleji, wanda muke kira Ustaz, ya zo ta'aziyya. Ya zauna a tabarmarmu, ya sha gahawarmu ta jabana, ya yi hawaye, ya ce Sale ɗansa ne. Ya roƙi Baba kyamarar da duk abin da ke cikinta, wai kwaleji za ta adana don tunawa da shi. Mu kuwa a gidanmu ba a hana malami abin da ya roƙa. Baba ya miƙa masa da hannu biyu, har yana godiya.

Bara jikar Inna ta shigo da waya a guje, ta ce ga Kaka. Hoton nan ne, an baza shi duniya, sunan Ustaz a ƙasa. An rubuta wai baƙuwa ce da yunwa ta koro. Matar da aka haifa a Gedambaliya, aka kuma ɗauki hoton a shekarar da rumbunta ya kasa ɗaukar amfaninta! Na je kwalejin aka ce ya daɗe da barin aiki. Na kira shi, ya ce, "Malesh ya zol, yi haƙuri bawan Allah, ai tallata aikin yaron nake yi." Ya kashe waya.

Satar sunan ta ƙona mini rai, amma zan iya haɗiye ta. A bukkokin Gedambaliya har yau hotunan leburori suna rataye, ba sa hannu a jikinsu, kuma kowa ya san na Sale ne. Wannan ba mai ƙwace masa.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne Inna. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Ashe ya nuna." Na yi bayani har na gaji. Ita ba ta san hoto yana zama a cikin kyamara bayan mai ita ya mutu ba. Abin da ta sani ɗanta ya rantse mata. Tana yi masa addu'a kamar kullum, amma ta daina ba da labarinsa, ita da a da ba ta gama cin tuwo ba ta ambace shi ba.

Ustaz, na san kana karanta jarida. Riƙe sunan, mun bar maka. Tabarmar da ka zauna tana nan. Zo ka gaya wa tsohuwar nan da bakinka cewa ɗanta bai karya rantsuwa ba, tun tana da rai.