Pilot ɗin Hajiya ya tafi gona

Duk wanda ya san Kawu Habu, mai buga takardu a bakin kasuwar Tasawa, ya san ba ya kunna ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, sai ya gaishe ta. Zai yaye zanen da ya lulluɓe ta, ya ce, "Hajiya, an tashi lahiya?" Sannan ya danna. Kafin ta buɗe ido, shayinsa ya dahu. In ka ce ya sayi sabuwa, sai ya harare ka: "Kai ma ubanka ya tsuhwa, ka canza shi?"

Suri ɗinta kuwa, wato ɓeran nan da ake jan kibiya da shi, irin mai ƙwallo a ciki ne. Duk Juma'a sai ya ciro ƙwallon ya wanke da sabulu ya shanya. Ran da kaza ta yi gaba da shi, rufe shago ya yi, muka bi ta har masaka!

To, ga laifina, ni ɗan ƙanwarsa, da gemuna da iyalina. Wata Lahadi ya fita sallar azahar, wayata ta mutu. Na zare kabul ɗin empirimanti, injin da ke fitar da takarda, daga bayan Hajiya na jona nawa don in yi caji. Da na ji tarinsa, na mayar a gurguje, ashe ba ramin da na ciro ba ne.

Sai ga Malam Ɗanladi daga Issawane. Famfon ƙauyensu ya lalace, mata na tafiyar rabin yini neman ruwa. Takardar neman gyara yake so, kuma dole ta isa Mayahi Litinin da safe, kafin masu gyaran su wuce wani yanki. Kawu ya rubuta, ya danna. Shiru. Hajiya ta ce ba ta san empirimantin ba, a kawo pilot.

"Pilot? Hajiya, jirgi kika zama?"

Maƙwabcinmu mai saida waya, ɗan Jibiya, ya leƙo. "Direba take nema, Alhaji."

"Kai kuma! Waccan ta ce jirgi, kai ka ce mota. Wa ke tuƙa ta duk shekarun ga in ba ni ba?"

Ya hura mata iska da mafici. Ya kashe, ya kunna. Ya buga mata gefe, sannan ya ba ta haƙuri. Malam Ɗanladi dai sai tambaya yake ko ya je tasha ya kira sofer mai tuƙa mota. Ni ina tsaye, har da ɗora laifin kan wutar lantarki: "Kawu, ƙila kuran ne."

Daga ƙarshe ɗan Jibiya ya ce direban a cikin faifan sidi yake, wanda ya zo da injin. Kawu ya jawo aljihun teburi. Wayam. Ashe laifina biyu ne. Ni na kwashe faya-fayan tun farkon damina, na rataye a gonata, ƙyallinsu na korar tsuntsaye daga gero.

Kawu ya dube ni ta saman tabarau.

"Sani, ran nan na wuce gonarka. Na ga pilot ɗin Hajiya bisa sanda yana gadi. Tahi ka ce mashi hutu ya ƙare."

Na hau babur. Faifai bakwai na kwanto, duk da kashin tsuntsu, ban san wanne ne ba. Kawu ya wanke su ɗaya-ɗaya da sabulun ɓera. Na biyar ne ya kama! Empirimanti ta yi tari, takarda ta fito, ni na kai Malam Ɗanladi Mayahi da kaina. An gyara famfon.

Kawu bai taɓa faɗa wa kowa laifina ba. Suna kawai ya laƙaba mini, har a gadon asibiti, dab da rasuwarsa: "Pilot, miƙo ruwa." Kun daɗe kuna kirana da shi, wasu ma sun ɗauka don gudun babur ne. To yau kun ji.

Allah ka rufa wa Kawu Habu asiri yadda ya rufa mini, ka shayar da shi ruwa mai sanyi. Hajiya tana ɗakina cikin zanenta. Kowace safiya ina gaishe ta.