Hadari a Kan Faifan Rana

Shekaruna saba'in da huɗu, abin da zan faɗa kuwa a daminar bara ya faru. Muryar wana marigayi tana cikin ordinater ɗina, wato kwamfuta, inda yake zana asalinmu da rijiyoyin da kakanninmu suka shayar da dabbobi wajen Tagriss. Wata safiya na'urar ta soma daskarewa, ta ɗauke, ta dawo. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin babu wani wurin da muryar take.

Ɗiyata, wadda malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta ce: "Baba, fayilolin da ke tafiyar da ita ne suka lalace. Akwai mai bincike a cikinta, shi zai musanya su. Sai dai kada wuta ta yanke kafin ya gama."

Ta buɗe baƙin allo ta rubuta umarni. Batiri ya daɗe da mutuwa, faifan rana mai ba mu wuta kaɗai ke riƙe da mu, in rana ta rufe wuta ta yanke. Bincike ya kai rabi sai hadari ya taso daga gabas, alhali gero ya yi yaushi, gari duka yana roƙon ruwa.

"Baba, addu'ar wanne kake yi?" in ji ta, tana murmushi.

"Ke dai dubi allonki."

Bakina ya kasa roƙon ko ɗaya, tasbaha kawai nake ja. Can rubutu ya fito cewa an gyara. Ta kashe ta kunna, muka ji wana ya yi gyaran murya, sannan ruwa ya sauko. Maiɗakina tana wurin, da maƙwabcinmu mahauci wanda ya shigo fakewa, su ne shaiduna.