Jinin da Na Ƙi Bayarwa a Ɓoye

Har yau ban manta da ranar da Dakta Dogo ya shigo ɗakin wanki da ƙafarsa yana nemana ba. Ku 'ya'yana da kuke aikin asibiti yanzu, a yi allura sau ɗaya a yar, ba ku san ɗakin wanki ba. A zamaninmu sirinji na gilashi ne. A wanke shi da sabulu, a ɗauraye sau uku, a tafasa, a jera a kan farin ƙyalle. Aikina ke nan a ƙaramin asibitin wani kamfanin Amirkawa da ke bayan unguwar Sharafiyya, can ƙasar Larabawa. Likita ne a sama, sai sista, sai mai duba jini, sai mu. Ban san alif ba, amma ba a taɓa dawo mini da kwalba don datti ba.

A shekarun nan ne rediyo ke ta kawo labarin baƙaƙen Amirka suna tattaki a tituna, suna neman a bar su su ci abinci inda kowa ke ci. Sista Nadiya, Bamasariya, ita ke fassara mana in muna shan shayi. Ita ta gaya mini cewa a wasu garuruwansu har jini raba shi ake yi, kwalbar baƙi daban, ta farare daban. Na ɗauka zolayata take yi.

Asibitinmu ba shi da ma'ajiyar jini. A jikin ma'aikata ake ajiye shi. Duk wanda aka ɗauka aiki sai an soki yatsansa, a ɗiga a kan gilashi, a rubuta irin jininsa a kati. Nawa, in ji su, irin wanda kowa ke iya karɓa ne, kuma masu shi ba su da yawa.

Ran nan da hantsi matar wani injiniya ta haifi 'ya mace, jini ya ƙi tsayawa. An tura mota bakin teku a nemo wani Bature ma'aikacin jirgi mai irin jininta, motar ba ta dawo ba. Shi ne Dakta ya zo. Dogo muke ce masa don sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu.

Da Larabcinsa mai gargada ya ce, "Ya Hajja Hauwa, jininki nake so. Yanzu."

Na ce, "Ga hannu."

Ya rage murya. "Amma mijin ɗan can wajen ne, inda ake raba kwalba. Zan ce masa daga jirgi aka kawo. Kada ki fito."

Nan na sauke hannuna. Bari in gaya muku dalili, kada ku ce girman kai ne zalla, ko da yake akwai shi. Mu da muka taso a Sudan, in mace ta shayar da ɗan wata, ba a ɓoyewa. Ana kiran shaidu, a gaya wa dangi, don kada wata rana 'yan'uwan nono su auri juna ba a sani ba. Ni kuwa na yi lissafi cewa in nono ya ƙulla zumunta, ai jini ya fi shi. Jinina zai shiga matar, ya zama nono, jaririyar ta sha. Ina da 'ya'ya maza huɗu a unguwarmu ta Mahjar. Wa ya san inda duniya za ta haɗa mutane?

Na ce, "Dakta, a ɓoye kam a'a. Sai da shaidu."

Ya ce, "Hajja, wannan ba nono ba ne."

Na ce, "Kai likita ne, ba malami ba."

Sista Nadiya ta leƙo ta ce bugun jinin matar yana ƙasa. Dakta ya dube ni kamar zai yi kuka. Ban jira izininsa ba. Na naɗe hannun riga, na wuce shi, na fita baranda inda mijin yake zaune. Ban taɓa tsayawa gabansa ba sai ran nan. Jan mutum ne, ya riƙe hularsa yana murzawa.

Na ce wa Sista, "Ki faɗa masa yadda na faɗa, kada ki sa masa sukari."

Na ce, "Jinin da za a sa wa matarka nawa ne. Shekara da shekaru nake wanke kwalaben gidan nan. Na wanke jinin Balarabe, na Bahindiye, na 'yan garinku. In ka san bambancinsu, taso mu je ɗakin wanki ka nuna mini, don ni na duba ban gani ba."

Ya tambayi Dakta wani abu da Turanci. Daga baya Sista ta ce tambaya ya yi ko babu wani. Dakta ya ce babu, kuma ya gaya masa gaskiya, cewa a madubin bincike jini ba shi da launin fata. Mutumin ya dubi ƙofar ɗakin haihuwa, ya dubi hannuna. Ba zan ce muku ya so ba. Kalma ɗaya ya furta, ita ma da Larabcin kasuwa: "Yalla," wato a yi maza.

Na ce, "Sista, kin shaida?"

Ta ce, "Na shaida, ya sheikha, kwanta mana."

Aka ɗebi kwalba guda. Na sha shayi mai sukari, na koma kan tafasa sirinjina. Kafin la'asar matar ta buɗe ido ta nemi 'yarta.

Da na koma gida na ba Malam labari ina jiran yabo. Maigidana dako yake yi a kasuwar Balad, amma ya yi karatun littattafai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Hauwa, jini ba ya ƙulla muharramaka. Nono ne kaɗai. Likitan ya fi ki gaskiya."

Na ce, "To ai ba a yi asara ba."

Ya ce, "Da ta cika kina tsaye kina neman shaidu fa?"

 Na kwana biyu maganar tana cina.

Abin da na koya ke nan. A aikinmu, in rai yana kan gado, a fara miƙa hannu, gardama ta biyo baya. Na kuma koyi cewa masu ilimi suna da nasu tsoron: Dakta ya san gaskiya sarai, amma ƙarya ya fara nema. Ni ce na tilasta masa faɗinta, bisa kuskure.

Bayan mako biyu matar ta zo ɗakin wanki da jaririyar. Sista ta riga ta gaya mata abin da na ce game da zumunta. Ta ɗora mini 'yar a cinya, ta nuna kanta, ta nuna ni, ta ce, "Ukhti," wato 'yar'uwata. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Na san hukuncin a lokacin, Malam ya gaya mini. Ban gyara mata ba.