Sunana a Bayan Dutse

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora manja a wuta. Ban ga tukunyar ba, ƙamshin ne ya tsallako katanga ya same ni a bakin taga ina duba takardun ɗalibaina, sai na ajiye biro. In kai ma kana da ƙamshin da yake mayar da kai gidan da ka baro, ka san abin da nake nufi. Ni manja Shagamu yake mayar da ni, garin da aka haife ni, inda na yi shekara bakwai ina jin sunana a bakin mahaifiyata safe da yamma, ban san wani abu ne da za a iya rasawa ba.

Mahaifina mutumin Rurum Tsohon Gari ne. Fataucin goro ya kai shi kudu tun yana saurayi, a can ya auri mahaifiyata, Bayarabiya, 'yar mutumin da yake sayar masa da goro. Ni ce 'yarsu ta fari. A wajen mutanenta, da zarar mace ta haihu sai sunanta na yanka ya kwanta, a koma kiranta uwar wane ko uwar wance. Saboda haka duk unguwarmu, daga mai kifi har tela, da sunana suke kiranta. In aka ƙwala kira daga bakin titi, mu biyu muke waiwayawa. Kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. Ita take gutsura min doya, ta dangwala a manja, ta hura, ta sa min a baki.

Da kakana ya rasu, gona ta rasa mai dubawa, mahaifina kuwa shi kaɗai ne namiji. Muka taho gida a gaban motar goro, farkon damina. Abin da na fi tunawa a tafiyar shi ne yadda itatuwa suka yi ta raguwa, sama tana ƙara faɗi, har na ji tsoron kada ta faɗo mana. Rurum ta tarbe mu da duwatsu manya manya, kamar shanun da suka kwanta suka manta da tashi, da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari, da hayaƙin kara, da warin daddawa da ya sa na toshe hanci.

Mahaifiyata ta yi ƙoƙari, wannan zan shaide ta har gaban Allah. Ta koyi surfe har tafin hannunta ya yi kanta. Ta koyi tuƙa tuwon dawa ba gudaji. Durƙuso kuwa ba a koya mata ba, da shi ta zo, har tsofaffi suna yabawa. Hausarta ta kasuwar goro ce, in ta yi magana yara su yi dariya, ita ma ta taya su. Kakata, mahaifiyar babana, doguwar tsohuwa ce marar yawan magana, jinin Fulanin da suka daɗe da zama. Kullum tana gindin darbejiyar tsakar gida tana saƙar faifai, ba ka sanin ko ta yarda da kai ko ba ta yarda ba.

Wata biyu da zuwanmu aka yi suna a gidanmu, gwaggona, ƙanwar babana, ta zo haihuwa gida. Tsakar gida ta cika da mata. Ina gudu da sauran yara na yi tuntuɓe da turmi, na faɗi a kan baki. Mahaifiyata ta saki ludayi, ta ƙwala sunana sau uku da dukkan muryarta, ta sure ni ta ɗora a cinya, tana share min jini da bakin zaninta, tana sumbatar goshina.

Duk matan suka juyo suna kallonmu. Sannan gwaggo ta leƙo daga ƙofar ɗakin jego, ta riƙe haɓa.

"Jama'a, 'yar fari ce fa! Ku ji yadda take rangaɗa sunan, kamar mai tallan ƙosai."

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ƙyale ta, baƙuwa ce. A garinsu ba a san kara ba."

Kakata ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗago daga faifanta ba.

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru. A nan uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna damuwa da shi, ko da zuciyarta tana tafasa. Kunya ce, kuma ado ce a wajen mace. Abin da ya zama rawanin mahaifiyata a Shagamu, shi ne abin kunyarta a Rurum.

Washegari da rana na ji mahaifiyata ta bayan asabari tana tambayar mahaifina, "Sai yaushe zan daina zama baƙuwa?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, ki yi yadda suke yi. Ni kin taɓa jin tsohuwa ta kira sunana?"

Daga ranar komai ya sauya, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya yi min bayani. Aka mayar da tabarmata ɗakin kaka. Aka ba ni kwanona ni kaɗai. Na koma "ke", na koma "yarinyar nan". Mahaifiyata kuma aka laƙaba mata 'Yar Kudu. Suna ɗaya muke rabawa ni da ita, rana ɗaya muka rasa shi tare. Kowa a gidan yana kirana, har maƙwabta, amma a bakinsu sunan kamar rigar aro yake. Ita tana da yadda take jan ƙarshensa, ta ɗaga shi sama kamar waƙa, wanda babu harshen Bahaushen da ya iya.

Na zaci laifi na yi. Na riƙa wanke kwanuka ba a sa ni ba, ina share mata ƙofar ɗaki, ina tsayawa kusa da murhu ko za ta manta ta faɗa. Ba ta manta ba. Da na gaji, sai na daina amsa "ke". In ta ce "ke" na yi kamar ban ji ba, sai ta tako ta taɓa kafaɗata da ƙotar ludayi, idonta a wani wajen.

A watan da dawa ta fi mutum tsayi, ranar wata Talata bayan azahar, na shige gonar bayan gidanmu. Na yi ta kutsawa har na daina hango katanga, na zauna a kan wata kunyar dawa tsakanin karare. Na yi wa kaina alkawari ba zan fito ba sai ta kira ni da bakinta. Hasken wajen kore ne, kamar ƙarƙashin ruwa. Ganyen dawa yana yankar hannu, tururuwa suna hawa ƙafata, iska in ta zo sai gonar duka ta yi ajiyar zuciya.

Wajen la'asar aka fara nema. Na ji muryar mahaifina, na ji ta gwaggo, na ji ta maƙwabta, har siririyar muryar kaka na ji. Ina ware su ɗaya bayan ɗaya, ina jiran guda. Can sai na ji taku kusa da ni, ana ture karare, ana haki. Ana tafa hannu, ana cewa, "Ke! Ke!" da muryar da ta dushe. Ita ce. Da na miƙa hannu da na taɓa zaninta. Na dafe bakina da hannu biyu, na ce a raina, faɗi mana, babu kowa a nan, faɗi. Amma akwai mutane a kunyoyin da ke kusa, tana jin motsinsu. Ta tsaya jim, ta ƙara cewa "ke" a hankali, ta wuce.

Da hadari ya haɗo na fito da kaina. Mahaifina ya ɗaga hannu, kaka ta ce, "Kul." Mahaifiyata tana zaune a madafa ta ba ni baya, tana tura kara a wuta. Ba ta tashi ba, ba ta waiwayo ba. Gwaggo ta dube ta, ta gyaɗa kai, ta ce, "To, yanzu kam kin zama tamu." Ban taɓa jin yabo mai ciwo kamar wannan ba.

Da safe kaka ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tana tsefe min kai. Can sai ta ce, "Ɓuya kika yi don a kira ki."

Na fashe da kuka.

"In kin gama, je ki dubi ƙafar uwarki. Ba takalmi ta fita. Rijiya uku ta leƙa."

Na ce, "To me ya sa ba ta faɗa ba?"

Ta ja wani gashi har sai da na yi ƙara. Sannan ta ce, "Ubanki ya yi shekara ashirin a kudu. Duk ranar kasuwar Rano sai na aika a sayo min goro ƙwaya ɗaya. Kin taɓa ganin ina cin goro? Naɗe shi nake a jiƙaƙƙen tsumma, ina shinshinawa. Sunansa kullum yana bakina, ban dai buɗe ba."

Na ce, "Ni ina so a buɗe."

Ta gama tsifar, ta ture ni. Na je na leƙa ƙafafun mahaifiyata tana wanke-wanke. Duk sun tsage, ƙaya ta karye a dunduniya, tana takawa a gefe ɗaya.

Ranar Juma'a da hantsi, mata suna tsakar gida, kaka ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kwaɗon tafasa nake marmari, ta bayan dutse. 'Yar Kudu, ɗauki ƙwarya. Tafi da yarinyar nan ta nuna miki, kada ki kwaso min abincin awaki."

Gwaggo ta ce, "Inna, tafasa kuwa ga ta nan cike da bayan gida?"

"Bakinki ne zai ci ko nawa?"

Ta rako mu har zaure, abin da ba ta saba ba. A bakin ƙofa ta dubi mahaifiyata, ta yi ƙasa da murya. "Can babu kowa sai ƙadangaru. Su kuwa duk abin da suka ji, kai kawai suke gyaɗawa."

Muka bi ta cikin gonaki, ita a gaba tana ɗingishi, ni a baya. Bayan dutsen akwai wani fili ƙarami, da tsamiya guda, da ruwan sama kwance a kwarmin dutse. Ta ajiye ƙwaryar. Ta duba dama, ta duba hagu. Sannan ta faɗi sunana, a hankali, kamar mai ɗanɗana ko miya ta yi gishiri. Na ce, "Na'am." Ta sake faɗa da ƙarfi, ta ja ƙarshen, ta ɗaga shi sama, dutsen ya maido mata. Na ruga na faɗa jikinta. Ta kwance bakin zaninta ta fito da dafaffiyar doya a ganye, da ɗan manja a kwalbar magani. Ta gutsura, ta dangwala, ta hura ko da yake doyar ta daɗe da hucewa, ta sa min a baki.

Da muka dawo ƙwaryar ko rabi ba ta kai ba. Kaka ta leƙa, ta taɓe baki. "Tafasar bana ba ta da auki. Sai kun koma Juma'a mai zuwa." Da tafasa ta ƙare, sai ta ce tsamiyar bayan dutse take so. Da tsamiya ta ƙare, ta ce itacen can ya fi kama wuta. Haka muka yi shekaru.

Ina makarantar sakandare kaka ta rasu. Ina wajen. Mahaifina yana durƙushe a bakin gadonta, amma ba shi ta kalla ba, gwaggo ta kalla, ta ce, "Ya ci abinci kuwa?" Ba ta ƙara magana ba.

Yanzu ina koyarwa a Kibiya. A ƙofar makarantarmu nakan ga 'yan mata iyaye suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira, suna rungume su, suna ɗaukarsu hoto da waya, babu mai riƙe haɓa. Nakan yi murna, wani lokaci kuma nakan tuna goron kaka a jiƙaƙƙen tsumma, sai murnar ta yi nauyi. Mahaifiyata kuwa ta zama 'yar Rurum sosai. Hausarta ta goge, babu mai cewa ba a nan aka haife ta ba. Ita ake kira wankan jego, ita ake tambaya yadda ake yi. In ta ga irin waɗannan iyayen sai ta girgiza kai ta ce, "Yaran yanzu ba su da kara." In na kira ta a waya, "ke ce?" take cewa.

Daminar da ta wuce na je gida, na ce mata ina marmarin tafasa. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗauki mayafi. Masu fasa dutse sun cinye gefe guda, an sare tsamiyar, hanya ta ratsa ta wajen. Gwiwoyinta ba su bar ta ta ƙarasa ba, muka zauna a gindin dutsen. Wani mai babur ya wuce, ta jira. Wasu mata masu itace suka gaishe mu, ta amsa, ta jira har suka ɓace. Ta duba dama, ta duba hagu.

Duk kalmomin bakinta sun koma na Rurum, ban da sunan nan nawa guda ɗaya da ta ajiye ba ta kashe shi a tsakar gida ba. Ya fito yadda yake a Shagamu, da jan ƙarshensa, da ɗagawarsa.

Na ce, "Na'am."